RABON ALLO TSAKANIN TAGOGI: VIM TA YI GASKIYA

Duk ɗalibin da ya taɓa aikin fassara a kwamfuta ya san wahalar duba abu uku a lokaci ɗaya: matanin asali, da fassarar da yake yi, da jerin kalmomin da ya tara. Ni manhajar rubutu ta Vim nake amfani da ita, wadda marigayi Bram Moolenaar, mutumin ƙasar Holan, ya fitar a shekarar 1991. Tana raba allo zuwa tagogi, kowace taga da nata rubutun.

Wata rana da dare, ana gobe za mu miƙa jinga, na ga tagar da nake rubutu ta yi mini kaɗan. Sai na ba saitin winheight lamba 999, wato tagar da nake ciki ta cinye allon. Amma tun da farko na ba winminheight lamba 3, wato kada wata taga ta gaza layi uku. Umarni biyu ke nan sun yi karo.

Ga yadda Vim ta raba gardamar. Allona layi 24 ne. Layi ɗaya na rubuta umarni ne, uku kuma na sunayen tagogin, saura 20. Ta bar wa tagar matani 3, ta kalmomi 3, ta ba ni 14. A daren nan raina ya ɓaci, don gani nake ta ƙi bin maganata. Daga baya na gane ni ne ban fahimce ta ba.

A wurin Vim, winheight buƙata ce, ana biyan ta gwargwadon wurin da ke akwai. Shi kuwa winminheight doka ce, ba a taka ta. Idan ka nemi buɗe sabuwar taga alhali babu wurin da zai ishi kowa, sai ta ƙi, ta nuna maka saƙon E36. Haka kuma idan ka nemi winminheight ya wuce winheight, za ta tsayar da kai da E591, sai ka fara ɗaga na biyun tukuna.

Wani abokina ya ce wannan taurin kai ne, wai kamata ya yi umarnin ƙarshe ya soke na farko, tunda shi ne abin da mutum yake so yanzu. Maganarsa abin dubawa ce, domin mai gaggawa ba ya son a ja da shi. To amma da an bi ra'ayinsa, da matanin asali ya ɓace mini, na ci gaba da fassara da ka. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma kurakuran fassara da dama daga dogaro da tuni suke fitowa.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, kafin ku zargi na'ura, ku tantance wane saiti ne doka, wane ne buƙata. Idan tagogi suka rikice, ku danna Ctrl da W, sannan alamar daidai, za su koma girma ɗaya gwargwadon hali. Allah Ya ba mu sa'ar karatu, amin.