Igiya ko Lafazi: Yadda Ya Kamata a Tari Fushin Majinyaci a Asibitin Masu Taɓin Hankali

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 1998 wani majinyaci mai suna David Bennett ya rasa ransa a hannun ma'aikatan wani asibitin masu taɓin hankali da ke garin Norwich na ƙasar Ingila. Baƙar fata ne, ɗan shekara 38, ya kuma daɗe yana fama da lalurar. Abin da ya kai shi ga ajali ya faro ne daga gardama a kan wayar tarho tsakaninsa da wani majinyaci, har ta kai su ga doke-doke, abokin faɗan nasa kuma ya yi masa zagin launin fata. Da ma'aikata suka raba su, sai suka ɗauke Bennett zuwa wani ɗakin, suka bar ɗayan a inda yake. Bennett ya ɗauka shi kaɗai aka hukunta. Cikin wannan fushi ya naushi wata ma'aikaciyar jinya, ya ji mata rauni mai tsanani. Nan take aka kayar da shi rub da ciki, aka danne shi na kusan minti 25. Bai ƙara tashi ba.

Da za a ba mutumin kan titi wannan labari, amsarsa ba za ta wuce cewa ai mai ciwon hauka ne, dole a danne shi ba. Wannan amsa ce ta daɗe tana mulki a asibitoci da gidaje, ita ce kuma ta haifi turu da mari da igiya. Sai dai masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. Ciwon Bennett bai fara a daren nan ba, ya shekara da shekaru tare da shi. Abin da ya faru a daren shi ne zagi, da kuma hukuncin da ya ga babu adalci a cikinsa. Da wani ya zauna ya saurare shi, ya nuna masa cewa an ji zagin da aka yi masa, mai yiwuwa da ma'aikaciyar nan ba ta ji ciwo ba, shi kuma da ya kwana da ransa.

Wannan magana ba tausayi kaɗai ya sa ake yin ta ba, binciken ma'aikatan jinya da kansu ya ƙarfafa ta. Wani nazari da aka fitar a 2015, wanda ya tattara sakamakon bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna cewa kimanin kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka kwantar a irin waɗannan ɗakuna ne suka taɓa kai wa wani hannu. Ke nan mafi yawansu ba sa dukan kowa. Wani nazarin na 2012 kuma ya bi diddigin abin da kan gabaci tashin hankali, sai aka tarar kusan kashi 39 cikin 100 na rikice-rikicen sun biyo bayan wata hulɗa ce tsakanin ma'aikaci da majinyaci, kamar hana shi fita, ko ƙin biya masa wata buƙata, ko matsa masa ya sha magani.

Abin da ya fi jan hankali shi ne binciken da Joy Duxbury da Richard Whittington suka buga a 2005. Sun tambayi ma'aikatan jinya, suka kuma tambayi majinyata, me ke jawo faɗa a ɗakin jinya. Ma'aikata suka fi ɗora laifin a kan ciwon. Majinyata kuwa suka fi ɗora shi a kan yanayin wurin da rashin kyakkyawar magana daga ma'aikata. Mutane biyu ke nan a ɗaki ɗaya, dare da rana, amma kowa da abin da yake gani. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba wuya a gane abin da majinyatan ke nufi. A ɗauki magidanci wanda jiya-jiya shi ke ba da umarni a gidansa. Yau an kawo shi ba da son ransa ba, an karɓe masa waya da kuɗi, an kulle ƙofa. Ba shi da ikon zaɓar lokacin barci ko na cin abinci. In yana son shan iska sai ya nemi izini wurin yarinya sa'ar 'yarsa, ita kuma ta ce masa ya jira, ba tare da ta ɗago kai daga takardar da take cikewa ba. Ya jira, ya sake tambaya, a sake cewa ya jira. Ga hayaniya, ga zaman banza daga safe har dare. Lafiyayyen mutum ma da aka yi wa haka kwana uku sai an ji kansa, balle wanda tsoro da ruɗani suka riga suka cika masa zuciya.

Daga irin wannan fahimta ce Farfesa Len Bowers, wanda shi kansa ma'aikacin jinyar masu taɓin hankali ne, ya jagoranci wasu masu bincike a Landan suka tsara wani shiri da suka kira Safewards, wato ɗakunan jinya masu aminci. Tushen shirin shi ne, rikici da matsi suna haifar juna: majinyaci ya tayar da hankali a danne shi, dannewar kuma ta haifar da sabon fushi, a wurinsa da wurin waɗanda suka tsaya suna kallo. Matakai goma suka fitar, kuma duk wanda ya karanta su zai yi mamakin sauƙinsu. Akwai tausasa lafazi yayin da za a ce wa majinyaci a'a, tare da faɗa masa dalili. Akwai lura da wanda mummunan labari ke shirin riska, ko daga gida ko daga likita, don a zauna da shi kafin abin ya ci shi. Akwai zagayawa a kwantar wa sauran majinyata hankali bayan an yi rikici. Har da cewa waɗanda aka sallama su bar ɗan saƙon ƙarfafa gwiwa a bango domin masu shigowa.

Mataki ɗaya ya cancanci a tsaya a kansa. A lokacin miƙa aiki, sa'ad da masu aikin dare ke ba masu aikin safe labarin ɗaki, an saba a ce wane ya ƙi magani, wane ya yi zagi, a yi hattara da wane. Sai ma'aikaci ya shiga ɗaki da fuska a murtuke, yana jiran faɗa tun kafin a tsokane shi, majinyaci kuwa ya karanci fuskar nan ya shirya. Shirin ya ce a riƙa faɗin wani abin kirki game da kowane majinyaci a lokacin miƙa aikin, in kuma za a faɗi laifinsa a haɗa da abin da ake jin ya jawo shi. Wannan ba ya cin ko kwabo. Bahaushe ya riga ya san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

An gwada shirin a ɗakuna 31 na asibitoci 15 a Ingila, aka buga sakamakon a 2015. Idan aka kwatanta da ɗakunan da aka ba wani shiri na daban, yawan rikici ya ragu da kashi 15 cikin 100, matakan matsi irin su dannewa da allurar dole da kulle mutum shi kaɗai kuma suka ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Gaskiya ne masu suka sun nuna cewa ba dukkan matakan ne ɗakunan suka aiwatar yadda ya kamata ba, kuma akwai giɓi a alƙaluman da aka tattara. Suka ce mai ma'ana. Amma ya kamata a auna ɗaya ɓangaren da mudu ɗaya: wani bita da aka yi a shekarar 2000 ya nemi ingantaccen gwaji da ya auna amfanin ɗaure majinyaci ko kulle shi, bai sami ko ɗaya ba. An daɗe ana aiki da igiya ba tare da an nemi ta kawo hujja ba.

Akwai ƙorafin da ba za a yi watsi da shi ba, shi ne na ma'aikatan kansu. Su ake mara, su ake tofa wa yawu, wasu har su bar aikin saboda tsoro. Wanda bai taɓa tsayawa shi kaɗai da tsakar dare a gaban ƙato mai riƙe da kujera ba, bai kamata ya yi saurin wa'azi ba. Akwai lokacin da babu makawa sai an riƙe mutum don a tsare ransa ko na wani. Abin da ake cewa shi ne, wannan lokaci ya zama na ƙarshe, ya zama gajere, kuma yawancinsa ana iya hango shi daga nesa. A ƙasar Norwe an tsara wani ɗan ma'auni da ake kira Brøset, mai alamomi shida kacal: ruɗewa, saurin hasala, hayaniya, barazana da baki, barazana da jiki, da dukan kayan ɗaki. Ma'aikaci kan duba su a kowane zangon aiki don ya gane wanda ke iya ɓarkewa cikin sa'o'i 24 masu zuwa. Amfaninsa shi ne a je wa mutum da magana da wuri, ba a tanadi igiya da wuri ba. Ɗakin da rikici ya ragu a cikinsa kuwa, ma'aikaci ne farkon mai cin moriyarsa.

Wani kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne ɗaukar shiru a matsayin lafiya. Ana iya cika mutane da allurar barci ɗaki ya yi tsit, a rubuta cewa an kwana lafiya. Amma majinyacin da aka danne a gaban jama'a yakan fita da tabon abin a zuciya, idan ciwon ya sake motsawa sai ya ɓoye, ya ƙi komawa asibiti har sai abin ya ƙazanta an kawo shi a ɗaure. Dannewar yau ita ke shirya ta baɗi.

Ingila ma ba ta ɗauki darasin da wuri ba. Kwamitin da ya binciki mutuwar Bennett ya fitar da rahotonsa a 2004, ya ba da shawarar kada a danne mutum rub da ciki fiye da minti uku. Duk da haka a 2010 wani saurayi ɗan shekara 23, Olaseni Lewis, ya mutu bayan 'yan sanda 11 sun danne shi a asibitin Bethlem da ke Landan. Sai a 2018 aka yi dokar da ake kira da sunansa, wadda ta wajabta wa irin waɗannan asibitoci horar da ma'aikata da rubuta duk wani amfani da ƙarfi da aka yi a kan majinyaci.

A Nijeriya, dokar masu taɓin hankali ta 1958 ta ci gaba da aiki har zuwa watan Janairu na 2023, lokacin da aka sanya hannu a kan sabuwar dokar da ta amince cewa majinyaci yana da haƙƙoƙi. Doka dai takarda ce, ma'aikacin da ke bakin gado shi ke mayar da ita aiki. Don haka ya kamata makarantun da ke horar da ma'aikatan jinyar ƙwaƙwalwa, irin ta asibitin tarayya da ke Barnawa a Kaduna, su ba darasin lallashi da sauraro matsayi ɗaya da darasin magunguna, a kuma jarraba ɗalibi a kansa. Hukumomi kuma su sani ma'aikaci ɗaya da aka bar wa ɗaki cike da majinyata ba shi da lokacin lallashin kowa. Kafin a sami kuɗin ƙara ma'aikata, kowane ɗaki na iya buɗe littafi guda, a riƙa rubuta wanda aka danne, da abin da ya faru kafin nan, da minti nawa aka ɗauka, sannan washegari a tambayi majinyacin shi ma ya faɗi nasa, a rubuta a shafi ɗaya da na ma'aikaci.