Sharhi: Wa Ke Da Bangon Kaduna?

Duk wanda ya bi titi daga Kawo zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, zai ga bangayen birnin cike da rubutu da hotuna. Abin tambaya shi ne su wa ke da damar yin magana a kansu, yanzu da zaɓen 2027 ke ƙaratowa.

Hannu uku ne suka fi bayyana a bangon Kaduna ta Arewa. Na farko na 'yan siyasa ne, masu lulluɓe gadoji da shataletale da fastoci duk kakar zaɓe. Na biyu na hukuma ne: jan fentin da KASUPDA ke shafa wa ginin da za a rushe, alamar da 'yan kasuwa suka sani sarai tun da gwamnatin Nasir El-Rufai ta fara aikin sabunta birni a 2019. Na uku na masu kuka ne, kamar rubutun neman a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky da ya bazu bayan rikicin Zariya na Disamba 2015, har wani ya ci gaba da zama a bango bayan kotu ta sallame shi a Yuli 2021. Matashi mai sana'ar zane kuwa, rabonsa bai wuce allon shago da bayan babbar mota ba.

Wasu na ganin zanen bango baƙon abu ne, ko kuma ya ci karo da addini saboda batun siffanta mai rai. Tarihi ya riga ya amsa wannan. Magina Hausawa sun daɗe suna yi wa soraye ado da dagi da sauran zayyana marasa siffar mutum ko dabba, ƙofar fadar Zazzau ma shaida ce. A Zariyan ne kuma ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, suna neman fasahar da ta tsiro daga gida. Har gobe Jami'ar Ahmadu Bello na yaye masu zane.

Batun ya fi nauyi a Kaduna, inda rikice-rikicen 2000 da 2002 suka mayar da kogi iyaka, Musulmi suka fi yawa a arewa, Kirista a kudu. Birnin Belfas na Ireland ta Arewa ya ɗanɗana irin wannan rabuwa, kuma bangayensa sun cika da hotunan 'yan bindiga. Bayan yarjejeniyar 1998, an zauna da mazauna unguwanni aka sauya wasu zanukan da yardarsu. Darasin shi ne bango na iya hura wuta, yana iya yayyafa ruwa, ya danganta da wanda aka tuntuɓa kafin a ɗauki buroshi.

Gwamnatin Uba Sani na iya ware wasu bangaye, kamar ƙarƙashin gadar Kawo da aka buɗe a Janairu 2022, ta sa gasa a fili tsakanin matasan ɓangarorin kogin biyu, masu unguwanni da malamai su sa baki. Sai dai akwai haɗari: in gwamnati ce kaɗai ke sayen fenti, ƙarshenta fuskar gwamna za a zana. Don haka tilas ƙa'idar ta haramta hoton duk mai riƙe da muƙami, ta kuma ci tarar jam'iyyar da ta manna fasta a kan zanen jama'a, ko da ita ce mai mulki.