Takardar Likita da Ake Kaiwa Laburare

A shekarar 2003, a birnin Cardiff na yankin Wales a Birtaniya, likitoci suka fara rubuta wa wasu marasa lafiya sunan littafi kamar yadda ake rubuta magani. Neil Frude, masanin halayyar ɗan Adam, shi ya kawo shawarar. Mutumin da damuwa ta hana shi barci, ko fargaba ta hana shi shiga jama'a, sai ya karɓi takardar ya nufi laburaren unguwa. Ma'aikaci ya duba, ya ɗauko masa littafin daga kanta, ya tafi da shi gida ko sisi bai biya ba. Ƙwararru ne suka tantance littattafan, kuma galibinsu suna koya wa mai karatu yadda zai gane tunanin da ke jefa shi cikin ƙunci, ya riƙa sauya shi sannu a hankali.

A 2005 shirin ya game Wales baki ɗaya. Ingila ta bi sahu a 2013, daga baya aka ƙara littattafai don masu cutar mantuwa da masu jinyarsu, da kuma na matasa.

A ganin wannan jarida, ƙarfin shirin yana ga wurin da aka zaɓa. Mai ciwon damuwa yakan ji nauyin a gan shi a ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa, amma babu mai nuna wanda ya shiga laburare da yatsa. Ba a tambayarsa abin da ya kawo shi, ba a yi masa kallon ya daɗe a zaune. Dattijuwar da ke kwana ta tashi ita kaɗai takan sami wanda za su gaisa, kuma wannan ma lafiya ce. A hunturun 2022, da kuɗin gas da lantarki ya yi tashin gwauron zabo, laburare da dama sun zama wurin jin ɗumi ga waɗanda suka kasa ɗumama gidajensu.

Littafi dai ba ya maye gurbin likita. Don masu larurar da ba ta yi tsanani ba aka tsara shirin, wanda ciwonsa ya yi nisa kuwa asibiti ne nasa. Abin takaicin shi ne, tun daga 2010 tsuke bakin aljihun ƙananan hukumomi ya sa an rufe ɗaruruwan laburare a Birtaniya. A unguwar da aka rufe nata, sai mai takardar ya hau bas zuwa wani wuri, alhali fitowa daga ɗaki ma wuya take yi masa.