Hukumar Koke-koke Ta Je Inda Masu Kukan Suke

A wannan mako za mu duba Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa da doka mai lamba 31 a shekarar 1975, aka kuma ɗora marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, a kan shugabancinta na farko. Aikinta shi ne ta karɓi kukan wanda wata ma'aikatar gwamnati ko wani kamfani ya zalunta, ta bincika, ba tare da ya biya ko kwabo ba. Tana da kwamishina a kowace jiha da kuma Abuja. Amma ka shiga kasuwar ƙauye ka tambayi dattawa inda ofishinta yake, ka ji amsar da za ka samu.

Wannan aiki ba baƙo ba ne ga Musulmi, domin shi ne malamai suke kira duba mazalim. Imam Mawardi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 450 ta Hijira, watau 1058, ya yi masa babi guda a littafinsa Ahkamus Sulɗaniyya. Ya ambata cewa Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya fara ware rana musamman don sauraron waɗanda aka zalunta. Abin da ya fi dacewa da zancenmu kuwa shi ne, ya nuna akwai abubuwan da mai wannan muƙami zai bincika da kansa ko babu mai ƙara, watau zaluncin gwamnoni a kan talakawa, da wuce iyakar masu karɓar haraji, da aikin magatakardan diwani. Dalili a fili yake: wanda aka fi zalunta shi ne ya fi tsoron buɗe baki.

To, dokar 1975 ita ma ta ba kwamishina ikon fara bincike don ƙashin kansa. Sai dai kuma ta ce ba a karɓar ƙarar da aka kawo bayan wata 12 da aukuwar abin, ba a kuma taɓa maganar da ke gaban kotu. Ka ɗauki tsohon masinja da ya yi ritaya, ana ta yi masa je-ka-ka-dawo a kan kuɗin sallamarsa. Kafin wani ya gaya masa akwai hukumar, shekara ta zagayo, kuma ana iya ce masa ƙofa ta rufe. Rashin sanin nan ba laifinsa ba ne.

Saboda haka, a ganina, duk wani tsarin aiki na shekaru da hukumar za ta zana, in bai fara da yadda za ta isa ga jama'a ba, ado ne kawai na takarda. A sa ranar da jami'anta za su zauna a kowace ƙaramar hukuma, ranar kasuwa, a yi shela tun da wuri ta bakin hakimai da dagatai da limaman Juma'a, da kuma rediyo cikin harshen mutanen wurin. A tanadi mai rubuta wa wanda bai iya boko ba, da mace da za ta saurari mata, gama akwai wadda ba za ta iya faɗa wa namiji damuwarta ba. Sa'an nan a riƙa tattara koke-koken ana dubawa. In mutum ɗari sun yi kuka da ofis guda a kan fansho, to, ofishin ne za a bincika, ba a tsaya bin takardu ɗari ɗaya bayan ɗaya ba.

Masu cewa hukumar ba ta da haƙora suna da hujja, domin shawara take bayarwa, ba hukunci take yankewa ba. Amma Majalisar Ƙasa ce ke naɗa kwamishinoninta, kuma gare ta suke da alhakin bayani. Ya kamata 'yan majalisa su nemi a kawo musu sunan kowace ma'aikata da aka ba shawara ta yi kunnen ƙashi, su kira shugabanta ya zo ya yi bayani a bainar jama'a.