Kifin kiwo: Gubar da wuta ba ta kashewa

Tarwaɗar kiwo ta zama naman ma'aikaci a biranen Arewa tun da kuɗin naman shanu ya fi ƙarfin albashi. Mai saye a kasuwar Galadima ta Kano yakan duba ko kifi na motsi, ya kuma shinshina. Wannan dubawa tana gano ruɓa, amma ba ta gano dalma ko zaiba ko kadmiyom ko asenik, domin ba su da wari kuma ba sa sauya kamannin nama. Tafasa da suya da banda duk ba sa kawar da su.

Ta hanya biyu waɗannan sinadarai ke shiga jikin kifi: ruwa da abinci. Shekara da shekaru kamfanonin jima da masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai na sakin ruwan datti cikin kogunan Challawa da Jakara, kuma binciken jami'o'i ya sha samun kuromiyom da dalma a ciki. Kifin da ya yi wata biyar ko shida a irin wannan ruwa yana tara su sannu a hankali, galibi a hanta da ƙoda. Ruwan burtsatse ma ba a rantse masa: a Bangladesh daga rijiyoyin burtsatse asenik ya fito, ya cutar da miliyoyin mutane. A can ne kuma aka gano ana sarrafa tarkacen fatar da aka jeme da kuromiyom ana yin abincin kaji da kifi. Tsadar abincin kifi a Najeriya, wadda ke tura masu kiwo ga haɗe-haɗen da ba a san asalinsu ba, ta isa ta sa a yi hattara.

Ba kowane sakamakon gwaji ne abin tsoro ba. Yawancin asenik ɗin da ke naman kifi nau'i ne mai ƙarancin illa da jiki ke fitarwa. Ɗaya nau'in, mai haddasa ciwon daji, shi ne abin nema, kuma bambance su sai ɗakin gwaji mai kayan aiki.

Nan gizo ke saƙar. A 2018 Amurka ta dakatar da shigar tarwaɗar Najeriya, saboda ƙasar ta kasa gabatar da takardun da ke nuna tana da tsarin duba kifi daidai da nata. An kalli lamarin a matsayin asarar kasuwa, alhali irin kifin ne ake ci a gida. NAFDAC na rajistar kifin da aka ƙunshe a leda, amma mai rai da ake sayarwa a baho yakan tashi daga kududdufi zuwa tukunya ba tare da an auna ruwan da ya girma a ciki ba. A Zamfara, sai da yara suka fara mutuwa a 2010, fiye da 400 daga ƙarshe, kafin a auna ƙasar ƙauyukansu a gano dalma.