Diropshipin: kayan ba naka ba ne, amma cinikin naka ne

Kafin babbar Sallar da ta wuce, wata ƙanwata a Maraɗi ta ga takalmi a status ɗin WhatsApp na wata ƴar unguwarsu. Ta tambayi kuɗi aka ce jikka 12, ta tura, aka ce mata nan da kwana biyar. Sai bayan sati uku aka kira ta daga tasha ta je ta karɓi saƙo. Sunan wani ɗan kasuwar Kano ne a jikin ledar, kuma lamba 40 ta ce, 38 aka aiko. Da ta kira mai sayarwar, amsar da ta samu ita ce: "Yaya ki yi haƙuri, ni fa diropshipin nake yi, ko ganin kayan ban yi ba."

Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kalmar ta shigo bakin matasanmu daga Yamai har Damagaram, amma da yawa sun mayar da ita garkuwa, wai da an furta ta shi kenan an wanke hannu.

Kalmar Ingilishi ce, dropshipping suke rubutawa. Drop shi ne saukewa ko ajiyewa, ship kuma aika kaya, ko da jirgi ko da mota. Masu Faransanci suna cewa livraison directe. Ma'anarta a kasuwanci: kai mai sayarwa ba ka da kaya a shago, ba ka da sito. Hoto ka sa da farashi. In mai saye ya biya ka, sai ka biya babban ɗan kasuwa ko kamfanin da ke da kayan, ka ba shi sunan mai sayen da garinsu, shi kuma ya aika masa kai tsaye. Kayan ba za su taɓa biyowa ta hannunka ba. A ce agogo ne, kai ka sayar jikka 10, mai kayan ya karɓi jikka 7 har da kuɗin mota, jikka 3 ɗin da ta rage ita ce ribarka.

Saboda haka wanda ya yi kumandar katan biyu daga Dubai ya jibge a ɗaki yana sayarwa ɗaya-ɗaya ta Facebook, ba diropshipin yake ba, ɗan kasuwa ne kamar kowa, shagonsa ne kawai ke cikin waya. Wanda kuma aka ce masa ya biya kuɗin shiga, ya kawo mutum uku, su ma su kawo uku-uku, wannan ko kusa, wani abu ne dabam, kuma mun san inda irinsa yake ƙarewa. Akwai kuma masu tallar "formasiyo" da hoton mota da otal, suna cewa kana kwance kuɗi na shigowa. Na lura mafi yawansu darasin suke sayarwa, ba kaya ba.

A can inda abin ya samo suna ma ba a kwance ake cin ribarsa ba. Kamfanin takalma na Zappos a Amurka ya fara a 1999, wanda ya kafa shi yana zuwa shagunan takalma ya ɗauki hoto ya sa a intanet, sai an saya sannan ya je ya biya. Daga baya suka riƙa sa masu yin takalman su aika wa masu saye kai tsaye. A 2003 suka daina wannan tsari da kansu, duk da yana kawo musu ciniki mai yawa, don sun ga ba su da iko da lokacin isar kaya ko abin da aka sa a kwali, alhali in an yi kuskure sunansu ne ke ɓaci. A 2009 Amazon ya saye kamfanin. Bayan buɗe AliExpress a 2010, da dandali irin Shopify da ke ba mutum shagon intanet cikin yini ɗaya, sai abin ya bazu, matasa a Turai da Amurka suka riƙa sayar da kayan Sin da ba su taɓa gani ba. Koke ya yi yawa har Faransa, a dokarta ta 9 ga Yunin 2023 kan masu talla a kafafen sada zumunta, ta ce wanda ya sayar ta wannan hanya shi ke da alhaki gaban mai saye, kuma dole ya faɗi ko wane ne mai kayan.

Wani zai ce, to ai dillanci ne, mun gaje shi. Akwai kama, amma ku duba da kyau. Dillalin kara ko na kasuwar hatsi kowa ya san shi dillali ne. Mai saye ya sani, mai dabba ya sani, ga ragon a tsaye ana shafa shi, la'ada kuma sananniya ce. In aka samu aibi an san gidan da za a je. Mai diropshipin kuwa yakan tsaya ne a matsayin mai kaya. "Akwai?" "Akwai, Hajiya." Alhali shi ma sai ya tambayi wani a Kantin Kwari, wanda wataƙila shi ma zai tambayi wani a Guwanzu. Wannan "akwai" ɗin ita ce tushen rigima.

Malamanmu sun daɗe da sanin wannan mas'ala tun babu waya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Hakimu ɗan Hizamu ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da mutumin da zai zo neman abin da ba shi da shi, ya sayar masa sannan ya je kasuwa ya sayo, sai aka hana shi. Amma shari'a ba ta rufe ƙofa ba. Akwai cinikin salam, inda ake biyan kuɗi gaba ɗaya tun farko, a siffanta kaya sarai, a yanke ranar kawowa, kuma nauyin kawowar yana wuyan mai sayarwa. Akwai kuma wakilci, mai kaya ya wakilta ka ka sayar masa a kan la'ada. Fatawa aikin malamai ne, kowa ya kai wa malaminsa irin cinikin da yake yi dalla-dalla. Abin da na lura da shi kawai, a duk hanyoyin biyu akwai wanda aka sani zai amsa in kaya sun zo ba daidai ba.

Kuma a nan Nijar abubuwan da ke sa kaya su zo ba daidai ba sun fi na Turai yawa. Gidajenmu da kwatance ake gane su, bayan masallacin Juma'a kusa da mai shayi, shi ya sa saƙo a tasha yake tsayawa sai an kira lambarka. Kayan da suka fito daga waje akwai duwan, kuma sau da yawa ba a faɗa wa mai saye wa zai biya ba sai kaya sun iso. Bayan rufe iyakar Benin a 2023, kayan da a da suke sauka Kwatano su shigo ta Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kwanaki suka ƙaru, kuɗin mota ya ƙaru. Mai sayo daga Kano ko Katsina kuma yana fama da canjin naira da sefa, farashin da ya sa ranar Litinin ba lalle ya fitar da shi ranar Juma'a ba. Duk wanda ya ce maka kwana biyar ba tare da ya lissafa waɗannan ba, ko bai san sana'ar ba ko bai damu ba.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ba cewa nake a bari ba. Ɗalibar da ke jami'a ko matar aure a Tawa da ba ta da jarin kama shago, wannan hanya ce ta fara juya kuɗi da waya kawai, kuma na san waɗanda suka fara haka yau suna da shagonsu. Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Ka faɗa wa mai saye tun farko cewa kayan ba su hannunka, daga gari kaza za su taso. Ka sayi guda ɗaya da kuɗinka ka gani da idonka kafin ka sa hoton, domin hoton Sin da abin da ke fitowa daga leda ba kullum suke uwa ɗaya uba ɗaya ba. Ku yi magana da mai kayan a kan wa zai ɗauki asara in an yi kuskure, kafin a yi kuskuren. Mai saye kuma ya tambaya kafin ya tura kuɗi: kayan suna wurinki ko sai an aiko? In bai yi mini ba, wa zan mayar wa?

Ita dai ƙanwata, bayan an kai ruwa rana har iyaye suka shiga, an mayar mata da jikka 9, aka ce ukun sun tafi a kuɗin mota zuwa da komawa. Da tsohon takalminta ta je Idi.