Kafin Ka Kwashe Iyali Zuwa Ƙauye

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da gwamnati ta janye tallafin man fetur, rayuwar birni ta ƙara yi wa talaka nauyi. Kuɗin haya ya hau, tiyar masara ta hau, kuɗin mota ya hau. Don haka magidanta da yawa a Ƙofar Kwaya da sauran unguwannin Katsina suke shawarar mayar da iyali ƙauye, inda akwai gidan gado da gona. Babu aibi a cikin wannan. Noma sana'a ce ta mutunci, kuma ta fi zaman bashi da roƙo.

Abin da muke tsoro shi ne yadda wasu ke yin ƙaurar: a loda mace da yara a mota, a sauke su gidan tsofaffi, maigida ya juyo birni, sai Salla a gan shi. Ya ku 'yan'uwa, wannan zubar da amana ne. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa ci da tufafi da muhalli wajibi ne a kan miji, kuma nisan wuri ba ya sauke wajibi.

Lalle ne mai niyyar tashi ya duba abu uku. Na farko, tsaro. Ba mu manta da Disambar 2020 ba, da aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren Ƙanƙara. A shekarun nan mun ga mutanen Batsari da Jibiya da Safana sun baro gonakinsu sun fake a cikin birni. Kada a kai yara inda wasu suka gudo, sai an tabbatar da zaman lafiya daga bakin mazauna wurin.

Na biyu, ilimi. Yarinyar da ta kusa saukar Alƙur'ani a Islamiyya, wa zai ci gaba da karantar da ita? Ko tallar fura za ta gaji allonta? Na uku, asibiti. A san nisan da mai naƙuda za ta yi cikin dare, musamman da damina.

Tarihinmu ya bar mana darasi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno, ya zaunar da jama'a tare da malamai da masu sana'a, shi kansa kuma ya zauna a can. Bai tura mutane ya tsaya baya ba.

Saboda haka muna kira ga magidanci ya shawarci matarsa tukuna, ya fara zuwa shi kaɗai ya gyara ɗaki, ya nemo makaranta, sannan ya tafi tare da iyalinsa. 'Yan'uwan da suka yi karatu, in sun koma, su buɗe aji ko da a zaure ne.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.